Nonon gora ba kwanan wata: ta yaya mai saye zai san ranar da aka tatso?

A ƙauyuka irin su Tafashiya da ke Ƙaramar Hukumar Kankiya a Jihar Katsina, ba a saba tambayar ranar da aka tatso nono ba, domin a da babu buƙatar tambayar. Da safe ake tatsa, a zuba a ƙwarya da ɗan tsohon nono, a rufe da faifai ya kwana, kashegari a ɗauko shi a ka zuwa cikin gari. Mai saye ya san mai tallan, ya san rugarsu, kuma idan ta kawo masa wanda ya wuce wuri, gobe ma ita zai gani.

Yanzu nonon ya fita daga ƙwarya ya shiga jarka da gorar roba. Masu sari na tara na gidaje da dama wuri guda, a dama fura a ɗura a gora, a jera a firji ko a kula da ƙanƙara, wani kuma ya bi motocin da ke ratsa Kankiya a hanyar Kano zuwa Katsina. Kafin ya isa bakin mai sha ya bi ta hannu uku ko huɗu, kuma a cikinsu da wuya a samu wanda zai iya faɗin ranar da aka tatso shi.

Abin da ya fi rikitarwa ma shi ne, da yawa daga gorunan tsofaffi ne na ruwa ko lemo da aka wanke. Kwanan watan da ke jikinsu na kamfanin da ya fara amfani da su ne, ba ruwansa da nonon da ke ciki.

Madara ba ta jira. Tana fitowa da ɗumin jikin saniya, kuma a irin wannan ɗumin wasu ƙwayoyin cuta kan ninka yawansu cikin kusan minti 20. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a wannan yankin, 'yan sa'o'i sun isa ɗanyar madara ta fara juyawa. Shi ya sa masana'antun madara ke neman a sanyaya ta zuwa digiri 4 jim kaɗan bayan tatsa.

Tsamin kindirmo yana rage wa ƙwayoyin cuta ƙarfi, wannan hikimar iyaye ce kuma tana aiki. Sai dai shi ne kuma ke ɓoye lalacewa, don harshe ba ya bambance nonon kwana biyu da na kwana biyar da zarar an zuba sukari da ƙanƙara. Wanda abin ya fi cutarwa shi ne yaro ƙarami, da mai juna biyu, da tsoho.

Firji ma ba ya mayar da agogo baya. Gorar da ta daskare da dare, ta narke da rana bayan an ɗauke wuta, ta sake daskarewa, tana tsufa ne a kowane zagaye ko da a ido ba ta canza ba. Jama'ar Katsina da Kano da Jigawa, waɗanda kamfanin KEDCO ke ba wuta, ba su manta da watan Oktoban 2024 ba, lokacin da yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda a duhu.

A takarda, doka ta bayyana. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana buƙatar abincin da aka ƙulle don sayarwa ya ɗauki ranar da aka yi shi da ranar da zai daina aiki. Amma an tsara dokar ne da masana'anta a zuciya. Ba jami'in da zai bi ruga-ruga a Kankiya da Kusada yana duba jarka, kuma in ma an yi hakan, matan da ke ci da gidajensu da nono ne za su fara jin jiki.

A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo, kuma jami'an gwamnati na yawan ambaton kusan dala biliyan 1.5 da ƙasar ke kashewa duk shekara wajen shigo da madara. Idan ana so nonon karkara ya cike wannan giɓi, dole ya bi ta cibiyoyin tara madara, irin waɗanda kamfanin L&Z ke amfani da su a Kano. A irin waɗannan cibiyoyi ana gwada madara kafin a karɓa, wadda ta jima a hanya kuma mayar da ita ake yi. Ke nan makiyayin da ba ya lura da lokacin tatsa ba zai ci wannan kasuwa ba.

Gyaran ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Ɗan salatif na takarda da maka sun isa a rubuta rana a murfin jarka, da boko ko da ajami. Wadda ba ta rubutu za ta iya ware wa kowace ranar mako launin zarenta ta ɗaura a wuyan jarkar. Abin lura shi ne ranar tatsa ake rubutawa, ba ranar ɗurawa a gora ba, domin a nan ne ake yawan yin wayo. Haka nan duk jarkar da aka ƙara wa sabon nono a kan tsoho, ranar tsohon ce ranarta.

Kwanan wata dai ba ya kashe cuta. Tarin fuka na shanu da bakkale suna iya bin madarar da aka tatso yau da safe, kuma wuta ce kawai maganinsu: tafasawa, ko riƙe madarar a digiri 63 na minti 30 kafin a sa ta ta kwana. Wannan aikin mai tatsa ne. Na mai shagon da ke da firji kuwa, tun da shi ke karɓa daga masu sari yana kuma fuskantar mai saye, shi ne ya ƙi karɓar jarkar da ba a faɗa masa ranarta ba.