Taraktar da Ta Ƙi Shan Kwana

Damina ta kankama, an kuma shiga rububin neman tarakta kamar kowace shekara. Manomi ya biya kuɗin haro tun kafin ruwa ya sauka, yana jiran layi ya zo kansa, sai a ce masa taraktar tana gindin bishiya, wai ta ƙi shan kwana. Abin da ya tsaya min a rai ke nan a wannan makon. Ciwon da ke zaunar da injin miliyoyin naira, a lokacin da 'yan kwanaki ke raba mai shukar wuri da mai shukar makara, sau da yawa bai wuce aikin 'yan mintuna ba ga wanda ya san abin da ke cikin gindin tarakta.

Tsakanin tayoyin baya akwai wasu giyoyi da makanikai ke kira difaranshal. Aikinsu su bar kowace taya ta juya da nata saurin, domin a kwana tayar waje ta fi ta ciki cin tafiya. Amma a fadama wannan sassauci yakan zama cikas. Taya ɗaya ta faɗa taɓo, sai ita kaɗai ke wulwulawa a banza, 'yar'uwarta da ke kan busasshiyar ƙasa tana tsaye cik. Shi ya sa aka yi dif-lok, makullin da ke haɗe tayoyin biyu su juya tare. A Massey Ferguson 375 da ta cika gonakinmu, feda ce a wajen diddigen ƙafar dama. An yi ta don a taka, a fice daga taɓon a miƙe, a saki. Idan ta ƙi saki, alamun ba su ɓuya: direba na murɗa sitiyari, taraktar na turawa gaba abinta, tayar ciki na kankare ƙasa tana tara tudu. A yawancin lokuta babu abin da ya lalace. Haƙoran makullin ne suka cije juna saboda matsin da ke tsakanin tayoyin, kuma maganinsu a tsaya, a taka kuloci, a ɗan ja baya, ko a taɓa birkin gefe ɗaya, sai a ji ƙas, ya saki. In fedar ta ƙi tasowa, a leƙa sandarta da sifirin ɗin da ke mayar da ita. Laka ce takan bushe a wurin, ko tsatsar watannin rani da aka yi ba a taɓa ta ba. A wanke, a zuba mai, a yi ta motsawa da hannu har ta yi laushi. Mai son tabbatarwa ya kashe inji a shimfiɗaɗɗen wuri, ya tokare tayoyin gaba, ya sa giya a firi, ya saki birki, ya ɗaga tayar baya ɗaya da jak. In ta juyu da hannu, makulli ya saki. In ta ƙi, yana nan a cije. Sai bayan duk wannan ne ake maganar kwance gindi. A sababbin taraktocin da ake kunna makullin da maɓalli kuwa, daga fiyus da waya ake farawa.

To me ake yi a maimakon haka? Guduma ake ɗaukowa. A daki fedar har sandar ta lanƙwashe, ko kuma direba ya ce ai tana tafiya, ya ci gaba da aiki a haka, har ya hau kwalta da tirela shaƙe da buhuna. A kan kwalta taya ba ta samun inda za ta zame, don haka duk murɗar kwana a jikin aksil take ƙarewa, kuma rana ɗaya zai karye. Wani kuma tun farko shi ya jawo, don yakan taka makullin da ƙarfi alhali taya na tsakiyar wulwulawa, haƙoran su fashe. Gyaran da ɗan baƙin mai zai yi ya koma neman safaya daga Kano ko Kaduna, damina kuma ba ta jira.

Za a ce laifin direbobi ne. Ban yarda ba. Yaron da ya koyi tuƙi a gefen ogansa, ana biyansa gwargwadon kadadar da ya gama, bai taɓa ganin littafin taraktar ba, in ma ya gani da Turanci yake, yaya za a tuhume shi da abin da ba a koya masa ba? Za a kuma ce safaya ta yi tsada. Gaskiya ne, kuma hujja ce a kan kada a bari a kai ga sayenta.

Ga inda na dosa. Mun iya bikin ƙaddamar da tarakta, ba mu iya riƙe ta ba. A shekarar 2025 Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da taraktoci 2,000 da aka kawo daga Belarus. Ba na raina su, muna buƙatarsu. Sai dai adadin da ya dame ni shi ne nawa za su kasance a gona bayan damina uku. Yau Belarus, gobe John Deere, jibi Mahindra, kowace da tsarin makullinta da safayarta, makanikin ƙauye kuwa Massey ya sani. A da ana harhaɗa Steyr a Bauchi, ana harhaɗa Fiat a Kano, akwai hannayen da suka san cikin injin tun daga noti. Muka bar wannan ya mutu, yanzu harabar ma'aikatun gona ta zama maƙabartar taraktoci, tayoyi a sace, ciyawa ta fito ta tsakanin garma. Muna da cibiyar injinan noma ta NCAM a Ilorin, muna da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, masana suna nan. Abin da babu shi ne shugabannin da suka ɗauki horar da direba da muhimmancin da suke ɗaukar hoton yanke ƙyalle. Wannan sakaci ne, kuma manomin da ya ci bashin kuɗin haro shi ke biyan kuɗinsa.

Ina kira ga gwamnoninmu da kwamishinonin gona: kada a ƙara sa hannu a kwangilar tarakta sai da sharaɗin horar da direba da makaniki a kowace ƙaramar hukuma, da littafin kula da injin a rubuce da Hausa. Kai kuma mai tarakta, kafin ka miƙa wa direba mabuɗin taraktar a bana, ka sa ya taka fedar nan ya sake ta a gabanka, ya kuma faɗa maka abin da zai yi ranar da ta ƙi tasowa.