Likita Ya San Jiki, Ya Kuma San Gari

Lalle ya wajaba ga makarantun likita, kamar ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da ta Ahmadu Bello a Zariya, su ba ilmin zaman jama'a matsayi irin na ilmin ƙashi da jijiya. Fannin nan ba baƙo ba ne ga malamai, gama Ibn Khaldun ya shimfiɗa shi cikin Muƙaddima tun 1377.

Hujja kuwa tana nan Zamfara. Cikin 2010 gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum. Sanadinsa, ana niƙa dutsen zinariya cikin gida, wurin dakan hatsi, yara suna rarrafe cikin ƙurarsa. Magani yakan fid da dalma daga jini, amma yaron da aka mayar gidan nan sai ya sāke kwasa. Ciwo bai lafa ba sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje, sarakuna da dagatai suka sa aka mai da niƙa bayan gari.

Saboda haka likitan da za a tura Karakkai, ko Tsafe, ko Bunguɗu, ya kamata ya san sana'ar mutanen, da wanda ke ba mace iznin zuwa asibiti, da lokacin da rumbun manomi ke ƙarewa. Idan ɗaliban likita sun sauka ƙauye, malamai da fatake su karɓe su, su sanar da su waɗannan al'amura. Allah ya ba jama'a lafiya, amin.