Digiri na biyu a fannin shugabanci: a duba takarda kafin a biya kuɗi

A makon jiya ɗan yayata ya zo mini daga Madina da wayarsa a hannu. Wai ya ga tallar wata jami'a ta ƙasar waje a Facebook, za ta ba shi digiri na biyu a fannin shugabancin ma'aikatu cikin wata shida, ta intanet, a biya da dala. Ya ce, "Kawu, in biya?" Na ce masa ya dakata tukuna.

Dalilina shi ne abin da ke faruwa a Ghana yanzu. Hukumar GTEC, wadda aka kafa a 2020 bayan an haɗe tsofaffin hukumomi biyu masu kula da manyan makarantu, ta tashi tsaye a kan takardun da ba ta amince da su ba. A 2025 mun ga yadda ta riƙa rubuta wa manyan mutane wasiƙa cewa su daina sa "Dakta" a gaban sunansu in digirin na girmamawa ne. To, in manya ba su tsira ba, ina ga yaron Zango da zai kai takardarsa ma'aikatar gwamnati? Duk digirin da aka samo daga waje, GTEC ce ke tantance shi. In ta ce ba ta san makarantar ba, kuɗi sun tafi ke nan.

Kuma kada a ce sunan babbar jami'a ya wadatar. Rahoton babban mai binciken kuɗi na ƙasa na shekarar 2021 ya nuna akwai ɗaruruwan kwasa-kwasai a manyan jami'o'in gwamnati da ba su da amincewa mai aiki a lokacin. Saboda haka kwas ɗin kansa za ka bincika, ba makarantar kawai ba.

Abu na biyu da yaranmu ke yawan ruɗewa a kai: MSc ko MA daban, MPhil daban. Na farkon yawanci shekara ɗaya ne, darussa ne da ɗan aikin ƙarshe, ya dace da ma'aikacin da ke neman ƙarin girma. MPhil kuwa shekara biyu ne da cikakken bincike, shi ne hanyar mai son koyarwa a jami'a ko ya wuce zuwa digirin dakta. Na san waɗanda suka gama MSc sannan suka gane ƙofar da suke nema ba ta buɗuwa da shi.

Ni a ganina, yaron nan bai buƙatar zuwa nesa. UPSA tana nan kusa da gidansu, kuma tana koyar da shugabanci a matakin digiri na biyu. Ga GIMPA a Greenhill, tun 1961 take horar da ma'aikata. Zama a aji da ma'aikatan banki da na ma'aikatun gwamnati, ku san juna, wannan rabin abin da ake biya ne, kuma mu mutanen Zango nan ne muka fi rauni. Kwamitocin masallatanmu da makarantun Islamiyya ma suna jiran wanda ya iya kasafin kuɗi da rubuta rahoto.

Ya tafi da alkawarin zai duba sunan kwas ɗin a jerin GTEC. Har yanzu dai bai kira ni ba.