Kiɗa ba waƙa: Abin da kunnen Boɗinga da Shagari ke nema a faifan Mamman Sani

A shekarar 1978 wani ma'aikaci ɗan Jamhuriyar Nijar mai suna Mamman Sani Abdoulaye ya shiga ɗakin ɗaukar sauti na gidan rediyon ƙasa da ke Yamai, ya naɗi kiɗa guda shida da wata fiyano mai aiki da lantarki ƙirar Orla ta ƙasar Italiya. Ya sayi fiyanon ne a hannun wani wakilin ƙasar Ruwanda da suka haɗu a wajen taron hukumar UNESCO. Kaset ɗin da aka buga a lokacin kaɗan ne ƙwarai, amma kiɗan ya shekara da shekaru yana tashi a rediyo da talabijin na Nijar a tsakanin shirye-shirye, har ya zauna a kunnen 'yan ƙasar.

Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya sake fitar da faifan da sunan La Musique Électronique du Niger, bayan ya ci karo da kaset ɗin a ma'ajiyar gidan tarihi na Yamai. Daga nan sunan Mamman Sani ya kai Turai da Amurka, inda ake lissafa shi cikin magabatan kiɗan lantarki na Afirka.

Daga Boɗinga zuwa kan iyakar Illela da Birnin Ƙonni tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota, harshe ɗaya ne, auratayya da fatauci kuma sun daɗe. Duk da haka, wanda ya kunna wannan faifai a majalisar matasa a Boɗinga, ko a tashar mota a Shagari, kafin minti biyu zai ji an tambaye shi yaushe mawaƙin zai fara. Idan ya ce mafi yawansa kiɗa ne zalla, sai wani ya ce to ai wannan kiɗan jiran labarai ne.

Bai kamata a ɗauki wannan tambaya a matsayin rashin wayewa ba, domin tana da tushe mai zurfi. Amma kuma bai kamata a bar ta ta zama hukuncin ƙarshe ba, saboda akwai asarar da ke biyo bayan hakan.

Kunnen da magana ta raina

Ƙasar Sakkwato ƙasar zance ce. Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo da Aliyu Ɗandawo da Ɗan Anace duk an san su ne da nauyin magana. Ana auna mawaƙi da azanci da habaici da zambo da sanin asalin wanda yake yi wa waƙa. Kotso da taushi da kalangu rakiya suke yi, magana ce a gaba. Hatta marigayi Shugaba Shehu Shagari, ɗan garin Shagari, tun yana malamin makaranta ya zaɓi waƙa ya koyar da labarin ƙasa a Waƙar Nijeriya, saboda ya san ta nan ake shiga zuciyar jama'a.

Ko kiɗan da ba a buɗe baki a cikinsa ma, a al'adar Bahaushe magana yake yi. Idan makaɗi ya kaɗa taken mahauta ko na 'yan dambe ko na maƙera, wanda ya san sana'ar yana jin kalmomin da gangar ke faɗi. Kakaki da algaita a ƙofar fada kirari suke yi wa sarki. Saboda haka Basakkwace idan ya ji sauti, abin da kunnensa ya saba shi ne ya nemi abin da ake cewa da wanda ake nufi.

Shigowar fiyanon Yamaha cikin situdiyoyin Kano a shekarun 1990 ba ta sauya wannan ba. Waƙoƙin finafinan Hausa sun saba wa mutane da sautin lantarki, amma a ƙarƙashin murya. Mai kiɗan yana bayan fage, sau da yawa ko sunansa ba a riƙewa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, in ji masu iya magana, to ina ga kiɗan da ba shi da baki?

Ra'ayoyi huɗu

Ra'ayin masu sauraro a kan irin wannan kiɗa mai sanyi yakan kasu huɗu.

Na farko su ne masu ganin aiki ne da ba a kammala ba, wato an yi shimfiɗa ba a zo da abinci ba. Su ne suka fi yawa.

Na biyu su ne masu cewa yana sa kasala. Direban da ke bin hanyar Sakkwato zuwa Jega, ta Boɗinga da Shagari da Tambuwal, yana da gaskiya idan ya ƙi saka shi da tsakar rana, domin sautin da ke maimaituwa a hankali yana iya jawo gyangyaɗi. Sai dai wannan halin da direba ke gudu shi ne abin da tela a kan keke, ko ɗalibi mai bitar karatu da dare, ko mai fama da rashin barci ke nema. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Na uku su ne masu guje wa kiɗa gaba ɗaya saboda addini. Wannan muhawara ba baƙuwa ba ce a yankin. A zamanin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ke zaune a Sifawa, wadda a yau ke cikin ƙaramar hukumar Boɗinga, shi da ƙaninsa Malam Abdullahi, wanda ya zauna a Boɗinga, sun yi rubuce-rubuce a kan hukuncin kayan kiɗa. Malam Abdullahi ya fi tsanantawa, Shehu kuma ya yi bayanin saɓanin malamai a kan mas'alar. Wanda ya zaɓi ya nisanci kiɗa yana da magabata, kuma babu mai ikon tilasta masa. Maganar da ake yi a nan ta shafi waɗanda dama suna sauraro ne.

Na huɗu su ne 'yan kaɗan da za su yi shiru, can su ce wannan ai kamar sarewar Fulani ce a bayan gari da yamma. Waɗannan su suka kama bakin zaren. Mamman Sani ya ɗauko karin waƙoƙin gargajiya na makiyaya da sauran al'ummomin Nijar ne ya zuba su a fiyano. Kuma duk wanda ya tashi a ƙauyukan Shagari, inda noma da kiwo ke tafiya tare, ya san cewa makiyayi mai busa sarewa ba ya yi wa kowa kirari, ba ya jiran kari. Yana busa ne don ya rage wa kansa kaɗaici. Ashe kiɗan da ba ya magana ba baƙo ba ne a wannan ƙasa, fada da dandali ne kawai ba su ba shi wuri ba.

Ma'aunin da ya dace

A shekarar da Mamman Sani ya naɗi kaset ɗinsa, wato 1978, mawaƙin Ingila Brian Eno ya naɗi faifan Ambient 1: Music for Airports mai kiɗa huɗu. Tunanin ya zo masa ne yana zaune a filin jirgin saman Kolon da ke Jamus, inda ya ga ana bukatar sautin da zai kwantar wa matafiyi da hankali ba tare da ya hana shi jin sanarwa ko yin hira ba. Daga wannan faifai sunan salon ya yaɗu a duniya. Manufarsa ita ce sauti ya cika wuri kamar yadda turaren wuta ke cika ɗaki: wanda ya so ya kula da shi, wanda bai so ba ya ci gaba da harkarsa.

Idan haka ne, mai cewa kiɗan Mamman Sani na jiran labarai ne bai yi ƙarya ba, ya faɗi aikin kiɗan ne daidai. Kuskuren shi ne ɗaukar wannan aiki a matsayin ƙasƙanci. Ba a auna tabarma da ma'aunin rawani. Tambayar da ta dace ita ce ko sautin yana da karin da ke zama a rai, ko yana sauyawa a hankali ta yadda ba ya gundura, ko kuma idan an maimaita shi sau goma har yanzu ana jin wani abu a cikinsa.

Wannan ma'auni yana kare mai sauraro ma. Ba duk kiɗa mai sanyi ba ne mai kyau. Da manhaja irin su FL Studio, yaro zai iya ɗauko sauti ɗaya ya maimaita shi na minti biyar ya ce ya yi fasaha. Mai sauraron da ya ce wannan lalaci ne yana da hujja. Gajartar faifai kuwa ba aibu ba ce. Kiɗa shida da aka tace sun fi ashirin da aka tara don cika lissafi, kuma a wurin da kuɗin data ke da nauyi a aljihu, gajeren aiki ya fi saurin isa hannun jama'a.

Akwai kuma matsalar na'ura. Ƙaramin lasifikan waya ba ya iya fitar da sauti mai kauri na ƙasa, wanda shi ne ginshiƙin irin wannan kiɗa. Abin da ke saura sai siririn ƙara. Waƙa mai murya tana tsira daga wannan domin kalmomi na fitowa ko a wace na'ura, amma kiɗa zalla yana rasa rabin jikinsa. Da yawa daga masu yanke masa hukunci a majalisa, cikin ƙarar babura da janareta, ba su ji shi yadda aka yi shi ba.

Abin da ake asara

Darasin da ke cikin labarin Mamman Sani shi ne shekara 35 aikin ya yi kafin a sake buga shi, kuma wanda ya yi hakan daga wata nahiya ya zo. Ba shi kaɗai ba ne. Hama, wani direba a Yamai da ke kiɗa da fiyanon Yamaha, ayyukansa sun daɗe suna yawo a katin memori daga waya zuwa waya kafin Sahel Sounds ya fitar masa da Torodi a 2015 da Houmeissa a 2019.

Yadda kiɗa ke yawo a Boɗinga da Shagari bai bambanta da na Yamai ba. Ana zuwa shagon masu tura waƙoƙi a cika memori, ko a karɓa ta Bluetooth da Xender da WhatsApp. Mawaƙi yana ambaton sunansa a cikin waƙa, don haka ko an sauya sunan fayil ba ya ɓacewa. Mai kiɗa zalla ba shi da wannan kariya. Da zarar aikinsa ya bar hannunsa ya zama na kowa, ba suna, ba sisi.

Alhali kasuwarsa tana nan. Kowane shirin rediyo yana bukatar kiɗan buɗewa da na rufewa da wanda ake shimfiɗawa a ƙarƙashin magana. Haka wasan kwaikwayo da tallace-tallace da finafinai da gajerun bidiyon da matasa ke ɗorawa a TikTok da Facebook. Sau da yawa abin da ake ji a irin waɗannan wurare sautin waje ne da aka ɗauko a intanet, wanda ba shi da alaƙa da ƙasar da ake magana a kanta. Shirin noman rani a madatsar ruwa ta Shagari zai fi armashi da karin sarewa ko gurmi da ɗan yankin ya sarrafa a kwamfuta, fiye da kiɗan da aka yi don tallar mota a Turai.

Gidan rediyon Rima da sauran tashoshin da ke Sakkwato za su iya fara gyara wannan ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. Su nemi matasan jihar su yi masu kiɗan shirye-shirye, su biya su, su riƙa ambaton sunansu a ƙarshen shiri kamar yadda ake ambaton mai gabatarwa. Duk tsofaffin kaset da faya-fayan da ke ajiye a irin waɗannan gidaje kuma a mayar da su kwamfuta, domin zafi da ƙura suna cin zaren kaset, kuma abin da ya goge ba ya dawowa. Masana harshe da al'adun Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, waɗanda suka yi aiki mai yawa a kan makaɗan baka, ya kamata su ba busa da kiɗa zalla irin wannan kulawa, su naɗi sarewar makiyaya tun masu iya ta suna raye.

Su ma matasan masu situdiyo akwai nasu aikin. Su riƙa rubuta suna da shekara a jikin fayil, su ajiye asalin aikinsu, kuma su daina jin cewa kiɗa bai cika ba sai an ɗora masa murya. Mamman Sani bai kwaikwayi Turawa ba, ya saurari ƙasarsa ne ya sa hannu a na'urar da ya samu. Wannan hanya a buɗe take ga yaron Sifawa ko Kajiji ko Dandin Mahe.

Mai sauraro kuwa ba a neman ya bar Narambaɗa ko Ɗanƙwairo. Abin da ake roƙo kaɗan ne: ya sa abin ji a kunne, ya sami wuri mai shiru, ya ba faifan rabin sa'a kafin ya yanke hukunci. Idan bayan haka ya ce bai yi masa ba, ra'ayinsa ne kuma yana da daraja, domin ya ji kafin ya ƙi.