"Ba mu ga saƙonki ba" ba uzuri ba ne

Maƙalar wannan makon a kan wata magana ce da muka gaji da ji.

A watan jiya wata 'yar ƙungiyarmu ta marubuta a nan Sandamu ta tura takardun neman gurbin horo zuwa wani ofishi ta imel, saura kwana 9 a rufe. Shiru. Ta biya kuɗin mota ta je bin sawu, aka ce mata: "Ba mu ga saƙonki ba." Da ta nace aka buɗe akwatin Spam, sai ga saƙon kwance, ba wanda ya taɓa shi. Sunaye kuwa an riga an fitar. Da ta ƙara jinkiri ko hujjar ba za ta samu ba, domin Gmail na goge abin da ke Spam bayan kwana 30.

Hanzarin da aka ba ta shi ne wai kwamfuta ce ta yi. Mu ba mu yarda ba.

Kowane imel, kafin ya kai idon ma'aikaci, sai ya sauka a saba, wato babbar kwamfutar da ke karɓar saƙonni. A can mai kula da ita yana iya rubuta 'yan layukan umarni da za su riƙa rarraba duk abin da ya shigo. Ba sabon ilimi ba ne. Manhajar procmail tun 1990 take wannan aiki. A 2001 aka fitar da ƙa'idar Sieve, ma'anar sunan rariya, aka sabunta ta a 2008. Ginshiƙanta huɗu ne: a bar saƙo a babban akwati, a kai shi akwati na musamman, a tura wa wani ma'aikaci, ko a jefar. Daga baya aka ƙara mata damar mayar da amsa nan take. Ko ofishin da Gmail kawai ya dogara da shi, akwai wurin da zai saita cewa duk saƙon da kansa ke ɗauke da kalmar "neman gurbi" kada a kai shi Spam. Aikin minti biyar ne.

Za a ce ai saƙonnin 'yan damfara sun yi yawa, dole a tace. Gaskiya ne, ba mu ce a daina ba. Amma uwargida idan ta gama tankaɗe takan duba abin da ya rage a rariya kafin ta watsa wa kaji. Jefarwa a shiru ita ce mafi muni, domin mai aikowa yana can yana jira, mai karɓa bai san an aiko ba. Mu 'yan ƙasar Daura mun san labarin Kusugu: ruwa na cikin rijiya, jama'a na kwana da ƙishi.

Mu ma da namu laifin. Mukan tura hoton takarda ba kan saƙo, ba gaisuwa, ba suna, daga adireshin da muka buɗe da laƙabin samartaka. Irin wannan ko mutum ne zai zarge shi, balle na'ura. Mu gyara.

Bukatunmu uku ne ga duk ofishi, makaranta ko masu shirya gasa da suka ce a turo ta imel. A faɗi kalmar da za a sa a kan saƙo, a ware mata akwati. A saita amsar nan take mai cewa "mun karɓa", ta zama rasit. Kuma kada a fitar da sunaye sai an leƙa Spam.

Matasan da suka yi difloma a kwamfuta ga su nan birjik a Daura, Sandamu, Zango da Mai'adua, wasu cajin waya suke yi a bakin titi. A kira ɗaya ya saita. Wanda ya ce a aiko, amana ya ɗauka, kuma shi za a tambaya, ba kwamfuta ba.

Allah ya sa mu gyara.