Sandar Sunuka Ba Tunkiya Ba Ce

Ɗan ƙanwata ya iso gida da yamma riƙe da wata doguwar jaka baƙa, yana tafiya kamar wanda aka naɗa sarauta. Ya zuge zif, ya zaro itace biyu, ya murɗa su suka haɗe. Sandar sunuka ce, gindinta ya sha zanen lu'u-lu'u ja da fari, tana walƙiya kamar sabon kwano. Kuɗin da ya samu a kakar wake ne ya zuba, ya ba wani direba saƙo daga birni.

"Kawu, wannan kastom ce," in ji shi. "Ko na gaji da ita, in na sayar sai na ci riba."

Maganar nan ba tasa ba ce shi kaɗai. Duk rumfar da aka kafa teburin sunuka a Bena, ko a Ribah, ko a cikin garin Zuru, za ka ji samari suna maimaita ta kamar karatun allo: wai gwani na gaskiya ba ya wasa da sandar tebur, sai da tasa mai haɗi biyu, wai irin waɗannan masu zane, da ake samu a kan farashi mai sauƙi, daidai suke da na manyan 'yan wasa, wai kuma kadara ce, tunda dala kullum hawa take yi. Ni kam ban yarda da ko ɗaya ba, kuma ta ukun ce ta fi ba ni haushi, domin ita ce ke raba yaro da gumin gonarsa.

Mu fara da sunan. A wurin masu wannan sana'a, sandar da ake kira kastom ita ce wadda maƙeri guda ya zauna ya ƙera domin mutum guda. Ya tambayi nauyin da hannunka ke so, ya duba tsawon damtsenka, ya san kaurin bakin da ka saba da shi. Sandar da ta zo a kwali tare da 'yan'uwanta masu kama ɗaya, zane ɗaya, ba ta san wani kastom ba, sai dai jami'an kwastan da suka buɗe kwantenar a tashar jirgin ruwa. Zanen nan ma da ke ɗaukar ido, a sanda ta ƙwarai rarake itacen ake yi a dasa wani itace mai launi daban a ciki, aiki ne na kwanaki. A mai araha kuwa, hoto ne ake mannawa a shafe shi da man ƙyalli. Na karɓi ta yaron na juya ta a hasken rana, sai ga layin da bakin takardar ya haɗu, siriri kamar gashi. Ban nuna masa ba a ranar. Mutum yana cikin murna ba ka zuba masa ƙasa a tuwo.

Abin da ke buga ƙwallo a jikin sanda kaɗan ne ƙwarai. Akwai miƙewar itacen, akwai yadda nauyi ya zauna a hannu, sannan akwai 'yar fatar nan ta baki da ake goga wa alli, wadda faɗinta bai wuce milimita 9 zuwa 10 ba a sandar sunukar Ingila, ko 12 zuwa 13 a ta irin wasan Amurka. Wani sojan Faransa, François Mingaud, shi ake jingina wa ƙirƙirar wannan fata a farkon ƙarni na 19, kuma daga ita ne aka fara iya murza farar ƙwallo ta dawo baya ko ta karkata. Wato sirrin wasan duka yana kan abin da bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba, wanda ake ɓamɓarewa a sa sabo idan ya cinye. Gindin da aka yi wa ado, tafin hannu ne ke rufe shi. Ƙwallo ba ta taɓa ganinsa ba.

In kana shakka, duba mutanen da wasan nan ya zama abincinsu. Stephen Hendry na Sukotlan ya ɗauki kofin duniya na sunuka sau bakwai tsakanin 1990 da 1999, kuma duk da sanda guda ya yi, wadda aka saya masa fam 40 tun yana yaro. A 1997 wani ɗan Ailan, Ken Doherty, ya tare shi a wasan ƙarshe a zauren Crucible na Sheffield ya doke shi 18 da 12. Da me? Da wata tsohuwar sanda mai ɗan lanƙwasa da ya saya fam 2 a ɗakin sunukar da ya taso yana wasa a Dublin. Ka tsaya ka lissafa: babban wasan duniya na shekarar, mutum biyu, sandunansu duka fam 42.

Na san abin da samarin rumfa za su ce: to ai kuwa Kawu ka kare mu, tunda sanda mai araha ma tana cin kofi. A'a, ku saurara dai. Abin da ya ba waɗancan sanduna daraja shi ne sabo. Hannu guda ne ya riƙe su shekara da shekaru har ya san inda suke ƙarya da inda suke gaskiya, kamar yadda manomi ya san ƙotar fartanyarsa ko cikin duhu. A 1990 an sace sandar Hendry, aka sa ladan fam 10,000 ga wanda ya dawo da ita, aka kuwa dawo da ita. Sandar fam 40 ce fa. A hannun mai ita ta kai dubu goma, a hannun ɓarawon kuwa itace ce kawai, don ba wanda zai saya ya gaji hannun Hendry tare da ita. Daga baya, a 2003, ta karye cikin kayan jirgin sama yana dawowa daga Tailan, kuma duk kuɗinsa bai iya sayen irinta ba, domin abin da ya ɓata ba a kanti yake ba.

Wannan ne abin da masu cewa kadara ce suka kasa gani. Amfanin mallakar sandarka, wanda ban musa ba, yana ƙaruwa ne gwargwadon yadda ta saba da kai. Ranar da ka miƙa wa wani, wannan sabon ya tsaya a wurinka. Abin da mai saye zai karɓa shi ne itace da ta sha gumi, fata da ta cinye, da zaren haɗi da ya fara sako-sako.

Akwai sandunan da ake sayarwa da riba, gaskiya ne. George Balabushka, wani maƙeri da ya yi aiki a Brooklyn ta birnin New York, ya rasu a 1975, kuma abin da ya bari ba yawa, shi ya sa masu tara kayan tarihi suke rububinsu da dubban daloli. Amma dubi sharuɗɗan: maƙerin sananne ne, ya mutu ba zai ƙara ba, akwai masana da ke tantance ta gaske da ta jabu, akwai kuma attajirai masu jiran saye. Wanne daga ciki sandar kwali ta cika? Masana'antar da ta yi ta tana nan, gobe za ta fitar da wasu dubu. Wani abin dariya ma, a fim ɗin The Color of Money na 1986, wanda ya ƙara yayata sunan Balabushka a duniya, sandar da aka nuna a matsayin tasa ba tasa ba ce, ƙirar kamfanin Joss ce. Idan masu fim a Amurka sun wuce da wannan a gaban miliyoyin 'yan kallo, ina ga ɗan Bena da ya ga hoto a Facebook ya tura kuɗi?

Batun dala kuma, eh, tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 duk abin da ke shigowa daga waje ya yi tsada. Sabuwar sanda ta hau. Amma taka ba sabuwa ba ce, kuma ta kwana a ƙasar Zuru. Kowa a nan ya san yadda ƙofar katako ke kumbura da damina har sai an sa kafaɗa, ta kuma saki da hunturu har iska na shiga. Itace yana shan danshi yana fitarwa, kuma siririn itace mai tsawon kusan mita ɗaya da rabi ba ya jure wannan kai-komo sai in an busar da shi da haƙuri. Maƙera na ƙwarai sukan fere shi kaɗan, su ajiye ya huta, su sake ferewa, har tsawon watanni. Masana'antar araha ba ta da wannan lokacin. Ƙara da yadda ake riƙon ta a wurinmu: a ɗaure a bayan babur cikin ranar Afirilu, a jingine ta a bango a ɗaki mai rufin kwano. Damina ɗaya, hunturu ɗaya, ka kwantar da ita a tebur ka mirgina, ka ga bakinta yana ɗagawa yana sauka kamar kan ƙadangare.

Mutanen ƙasar nan ba baƙin ajiya ba ne. Manomi ya san ya sayi dawa da kaka ya fitar da ita lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Mace ta san ta sayi tunkiya, in Allah ya sa albarka ta haihu. Babur, keken ɗinki, injin ban ruwa, har tsohuwar waya, duk suna da dillali ranar kasuwar Bena, domin akwai mai buƙata a tsaye. A yankin da tashin hankalin 'yan bindiga ya koya wa mutane cewa wata rana sai ka mai da abin hannunka kuɗi kafin faɗuwar rana, kadara ita ce abin da za ka fitar da hantsi ka dawo da kuɗinsa kafin la'asar. Wa ya taɓa ganin dillalin sandar sunuka? Masu sayenta ba su wuce abokan wasanka ba, su kuwa a gabansu ta lanƙwashe.

Sai kuma abin da ba a son faɗa, wato teburin kansa. Teburin gasa shimfiɗarsa allon dutse ne da aka goge ya daidaita. Namu da yawa katako ne aka lulluɓe da ƙyalle, ƙafa ɗaya an tokare da kwali, robar gefe ta mutu, ƙwallo tana gangarawa ramin kudu ko ba a aike ta ba. A irin wannan tebur, ko sandar gwanin sunuka Ronnie O'Sullivan aka ba ka, gangaren ne zai yi hukunci. Da samarin da ke tara kuɗin sanda mai zane za su matsa wa mai tebur ya canza ƙyalle, ya kira kafinta ya daidaita ƙafafu, ya riƙa sabunta fatar sandunan haya, da kowa ya ga bambanci a daren farko.

Wani abu kuma yana ci mini rai. Baƙin itacen da ake yi wa gindin sanduna masu tsada ado da shi, wani nau'insa daga dazuzzukan Kamaru da maƙwabtanta ake sarowa, kuma dangin kanya ne, kanyar nan da yara ke tsinka a bayan gari. Madobiya kuwa an yi shekaru ana lodinta daga Najeriya zuwa Sin, har sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikinsu a 2017. Itacen ƙwarai yana fita daga wajenmu, hoton itace yana dawo mana a manne. Ba na cewa kafintocinmu sun iya aikin nan yau. Sandunan da suke yi wa tebura sukan karkace su ma, saboda ɗanyen katako da gaggawa. Amma wannan ciwo ne mai magani. Kafintan da zai busar da itace shekara guda, ya auna hannunka, ya fere maka daidai kai, shi kaɗai ne a duk ƙasar Danko-Wasagu zai iya cewa ya yi maka kastom bai yi ƙarya ba. Ba zai koya ba kuwa muddin kuɗin yana tafiya wurin mai kwali.

Ga wanda ya nace sai ya mallaki tasa, ban hana ba. Ya nemi maras ado, in da hali guda ɗaya ba mai haɗi ba, ya mirgina ta a tebur kafin ya biya, ya sa mata fata mai kyau, ya kwantar da ita inda rana ba ta kaiwa. Ya kuma ɗauki kuɗin a matsayin kuɗin nishaɗi, kamar na kallon ƙwallo, wanda in ya fita ya fita.

Ɗan ƙanwata ya yi wasa da tasa wata biyar. Man ƙyallin nan da ya ruɗe shi yakan kama yatsa idan gumi ya zo, sai ya riƙa barbaɗa hoda har teburin ya yi fari. Bayan ruwan Agusta ya zo ya same ni a zaure, murya ƙasa-ƙasa.

"Kawu, ko ka san mai son sanda?"

Na ce ya tambayi abokansa. Ya ce ya tambaya. Wanda ya fi tayawa ya ce zai ba shi kuɗin jakar, sandar kuma ya riƙe abarsa. Ya sayar da jakar. Rabin sandar na gindi, mai zanen lu'u-lu'u, yanzu ƙanwata ce ke tokare tagar ɗakinta da shi, ta ce tsawonsa ya zo daidai.