ZAUREN ƊALIBAI: J5, Mota Ɗaya Mai Sunaye Biyar

A wannan makon za mu fita daga aji mu tsaya a bakin titi, domin abin da za mu tattauna a kansa yana wuce ku kusan kullum a hanyarku ta zuwa makaranta. Ina nufin motar nan mai faffaɗan ciki da ake kira J5, wadda ke kwasar kwandunan tumatir da buhunan albasa daga Arewa zuwa Kudu, ta kai 'yan kasuwa cin kasuwar ƙauye, wani lokaci ma a tura shanu da tumaki cikinta. Yawancinmu mun san ta a matsayin motar Peugeot, saboda ga zakin nan a goshinta. To amma ba a Faransa aka ƙera ta ba, kuma ba Peugeot kaɗai ke da ita ba. Wannan mota ta fito duniya da sunaye har biyar.

Bari mu koma baya kaɗan. A shekarun 1970 kamfanonin motoci na Turai sun sami kansu cikin wata matsala. Kowa na son ya sayar da motar ɗaukar kaya ga masu gidan burodi da kafintoci da masu kai saƙo, amma masu sayen irin wannan mota ba su kai yawan masu sayen ƙananan motocin hawa ba. Ga shi kuma ƙirƙiro sabuwar mota na cin maƙudan kuɗi tun kafin a sayar da ko guda ɗaya: a biya injiniyoyi su zana ta, a ƙera manyan injinan da ke matse faifan ƙarfe su fitar da ƙofa da rufi, a gina masana'anta, a yi gwaje-gwaje.

Ku ɗauko biro mu yi lissafi da wani misali na aji. A ce injin da ke buga ƙofar mota ya ci naira 1,000,000. Idan ƙofa 1,000 kawai aka buga da shi, kowace ƙofa ta ɗauki naira 1,000 daga kuɗin injin. Idan kuwa aka buga 4,000, kowace ƙofa naira 250 za ta ɗauka. Injin bai canja ba, yawan abin da aka fitar ne ya saukar da farashi. Malamanku na darasin tattalin arziki suna koyar da wannan, kuma ita ce dabarar da mata huɗu ke yi idan suka haɗa kuɗi suka sayi injin markaɗe ɗaya maimakon kowace ta sayi nata.

Wannan lissafin ne ya haɗa kamfanin Fiat na ƙasar Italiya da rukunin PSA na Faransa, wato Peugeot da Citroën. A 1978 suka ƙulla yarjejeniya suka kafa kamfanin haɗin gwiwa mai suna Sevel, suka gina masana'anta a garin Atessa da ke kwarin Sangro a Italiya. A 1981 motocin farko suka fara fitowa. Abin sha'awa shi ne, a kasuwar ƙananan motoci waɗannan kamfanoni kishiyoyin juna ne, kowa na neman ƙwace wa ɗan'uwansa masu saye. Amma da suka ga hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai suka ajiye kishin a ƙofar masana'anta, suka sake ɗaukarsa a wurin sayarwa.

Ga yadda aka raba sunayen. Fiat ya kira tasa Ducato. Peugeot ya kira tasa J5, domin dama yana da motocin kaya masu suna J7 da J9. Citroën ya sa wa tasa C25. A Italiya an sayar da wata da sunan Alfa Romeo AR6. A Ingila kuma, maimakon J5, sai aka kira ta Talbot Express. Shi Talbot suna ne da Peugeot ya farfaɗo da shi bayan ya sayi reshen Turai na kamfanin Chrysler a 1978, kuma wannan motar ce ta ƙarshe da ta ɗauki sunan kafin ya ɓace daga kasuwa. Idan aka jera su biyar ɗin aka kalle su daga gefe, da wuya a bambance su. Bambancin na fuska ne: tambari, ragar gaba, da ƙirar fitilu.

Sunan Ducato ma yana da labarinsa. Sunan wani tsohon kuɗin zinariya ne da birnin Banis na Italiya ya fara bugawa a 1284. Fiat na da al'adar raɗa wa motocinsa na kaya sunayen tsofaffin kuɗi, kamar Fiorino da Scudo da Talento, kamar dai a ce wani kamfani a nan ya sa wa motocinsa Sule da Taro da Fam. Saƙon a fili yake: wannan mota ta neman kuɗi ce.

Me ya sa ta karɓu haka? Sirrin yana ƙarƙashinta. A motocin kaya da yawa, injin na gaba amma tayoyin baya ne ke ja, don haka sai an ratsa wani dogon ƙarfe mai juyawa ta ƙarƙashin motar daga gaba zuwa baya. Wannan ƙarfe na tilasta a ɗaga daɓen motar sama. A J5 kuwa an kwantar da injin a gicciye a gaba, kuma tayoyin gaba ne ke ja. Da babu wancan ƙarfen, sai daɓen ya sauko ƙasa ya zama shimfiɗaɗɗe, ciki ya ƙara girma, lodi ya yi sauƙi. Har sandar giya an maƙala ta ne a jikin sitiyari, don a sami sarari a gaba. Ku tambayi duk wani ɗan dako: ɗaga buhu zuwa gwiwa da ɗaga shi zuwa ƙirji ba ɗaya ba ne.

A nan gida akwai ƙarin dalili. Kamfanin haɗa motocin Peugeot na Kaduna, wato PAN, ya fara fitar da motoci a 1975, kuma 504 ta zama motar gwamnati da ta haya da ta gida. Injin fetur mai lita biyu da aka sa wa J5 daga dangin injin 504 yake. Ke nan lokacin da J5 ta iso, ta tarar da kanikawa da suka san halin injinta, da 'yan kasuwar da ke da kayan gyaranta. Mota ba ta daɗewa a ƙasar da babu mai gyara ta. Da yawa daga cikin waɗanda kuke gani a yau sun gama aikinsu ne a Turai, aka loda su a jirgin ruwa suka sauka a Kwatano ko Legas, suka fara sabuwar rayuwa a hanyoyinmu.

A 1994 aka shiga zubi na biyu, sunaye suka canja. Ducato ta riƙe nata, J5 ta koma Boxer, C25 ta koma Jumper. A Ingila sai aka kira ta Citroën Relay, domin a Turancin can wancan sunan na nufin rigar sanyi. A 2006 zubi na uku ya fito, kuma dangi suka ci gaba da yaɗuwa. Daga 2013 aka fara ƙera ta a garin Saltillo na ƙasar Meziko ana sayarwa a Amurka da sunan Ram ProMaster. A watan Janairun 2021 Fiat Chrysler da PSA suka haɗe suka zama kamfani ɗaya mai suna Stellantis, wato abokan haɗin gwiwar 1978 sun koma 'yan gida ɗaya. A wannan shekarar motar ta sami sunan Opel Movano, wadda ake kira Vauxhall Movano a Birtaniya. Daga baya har Toyota na Japan ya karɓi motar ya liƙa mata tambarinsa da sunan Proace Max. Duk wannan na nufin J5 ɗin da kuke gani a titi, ƙirar tata ta haura shekara 40, kuma an daina yin ta tun kafin a haifi da yawa daga cikin malamanku matasa.

To mene ne ruwan ɗan sakandare da wannan labari? Akwai abu uku.

Na farko ya shafi aljihu. Da yawanku kuna zuwa gareji koyon aiki bayan an tashi daga makaranta, wasu kuma na taya iyaye zama a shagon kayan mota a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Wanda ya san cewa J5 da C25 da Ducato ta wancan zamani gangar jiki ɗaya suke, ya san cewa ƙofa ko gilashin wata na iya hawa kan wata, ba sai ya mayar da mai saye hannu rabbana ba. Amma a yi hattara, domin kama da wane ba ta wane. A ɓangaren injin gas, Fiat ya sa nasa injin ne, Peugeot da Citroën kuma suka sa nasu mai lita biyu da rabi. Wanda ya sayo kayan injin gas na Ducato don ya ɗaura wa J5 saboda ya ji an ce mota ɗaya ce, zai iya yin asarar kuɗinsa. Hanyar tabbatarwa ita ce lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17. Ukun farko su ke nuna sunan da motar ta fito da shi: ZFA na Fiat ne, VF3 na Peugeot, VF7 na Citroën. Tambari ana iya cire shi da sukudireba a liƙa wani, amma lambar shasi a jikin ƙarfe aka buga ta.

Na biyu ya shafi rai. An ƙera waɗannan motoci aji-aji gwargwadon nauyin da za su iya ɗauka, daga kilo 1,000 zuwa kilo 1,800 ga mafi ƙarfinsu. Idan buhun masara kilo 100 ne, to buhu 18 ne iyakar babbar cikinsu. Yanzu ku tuna J5 ɗin da kuka gani ta ƙarshe an cika cikinta, an ɗaure wasu kayan a kan rufi, ƙofar baya a buɗe an tallafe ta da igiya, ga mutane zaune a saman kaya. Darasin kimiyyar lissafi da kuke yi ya bayyana abin da ke faruwa. Idan nauyin mota ya ninka biyu, ƙarfin da birki zai kashe kafin ta tsaya ya ninka biyu. Idan gudu ne ya ninka biyu, ƙarfin ya ninka huɗu. Birki kuwa zafi yake mayar da wannan ƙarfin, kuma idan ya yi zafi fiye da kima sai ya daina kamawa. Kayan da aka tula a sama kuma suna ɗaga cibiyar nauyin motar, ta yadda kwana kaɗan ko rami ɗaya zai iya kifar da ita. Direba na ƙara lodi ne don kuɗin mai da na hanya su fita, wannan gaskiya ne, amma taya da birki ba su san wannan uzuri ba. Don haka ranar komawa makaranta ko tafiya hutu, idan aka ce ku hau saman kaya don kuɗin ya fi sauƙi, ku haƙura ku jira wata motar. Gara a makara da a rasa ku.

Na uku ya shafi gobenku. Kamfanonin nan ba ƙanana ba ne. An kafa Fiat a birnin Turin a 1899, Citroën a 1919, Peugeot kuwa tun 1810 iyalinsa ke sarrafa ƙarfe, suna yin zarto da injin niƙa kofi kafin su kai ga mota. Duk da haka sun zauna sun yi lissafi sun ga cewa masana'anta ɗaya ta tarayya ta fi uku na kowa da tasa. Daga cikinku za a sami injiniyoyi da masu walda da masu kafa kamfani. Idan lokacin ya zo kuka ga injin da kuke buƙata ya fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya, ku tuna da Atessa, ku nemi mai sana'a irin taku ku zauna ku rubuta yarjejeniya a takarda, kowa ya san kasonsa da haƙƙinsa.

Ga aikin wannan makon. Idan akwai gareji ko tasha kusa da ku, ku nemi izinin mai mota ko bakanike, ku gaishe shi da ladabi, ku roƙe shi ya nuna muku lambar shasin wata J5 ko Boxer ko Ducato da ke ajiye. Ku rubuta haruffa ukun farko kawai, ku duba ko sun dace da tambarin da ke goshinta. Sannan ku tambaye shi waɗanne kayan gyara ne ke hawa kan junansu, waɗanne ne ba sa hawa. Akwai kuma wata ƙaramar motar kaya 'yar Japan da ke yawo a kasuwanninmu, wadda ita ma ake sayarwa da sunayen kamfanoni fiye da ɗaya. Wa zai gano mana ita da sunayen nata? Ku aiko da amsoshinku tare da sunan makarantarku da ajinku, za mu buga waɗanda suka fi gamsarwa.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A yi karatu da kyau.